Fitowa Ta Uku a Yaƙin Dutsen Shirwa

Tudun Marke, 20 ga Mayu, 2024

Zuwa ga 'yata Zaituna,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da aikin jinya a can Riyad. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ke tashi duk lokacin da hadari ya haɗu. Mai ɗakina Maryamu tana gaishe ki. Ita za ta ɗauki hoton takardar nan da wayarta ta tura miki kamar yadda muka saba, don har yanzu yatsana bai iya ƙananan baƙaƙen waya ba.

Wasan kwaikwayon da na roƙe ki ki rubuta mana domin bikin cikar cocinmu da sarautar garinmu shekara ɗari da goma ya iso. Na karanta shi sau biyu. Shekara talatin da ɗaya na yi ina hedimasta, ban taɓa riƙe rubutun ɗan gida mai kyau kamarsa ba. Wurin da uwar Sarki Jatau ta ƙi ba shi ruwa ranar da zai fita yaƙi, sai da na cire tabarau na goge.

Ranar Alhamis na karanta wa kwamitin biki. Akwai Rabaran, akwai wakilin fada, akwai Honarabul Badamasi, ɗan majalisarmu, ƙanen Sarki na yanzu, wanda ya ɗauki nauyin bikin. Har ƙarshen fitowa ta biyu ana tafi. Da na shiga ta uku, aka daina tafi.

Kin san labarin da kowane yaro a nan ya tashi da shi: mutanen Dutsen Shirwa sun sace ɗan makarantar mishan, Sarki Jatau ya hau dutse da yaƙi ya ceto shi, daga nan haske ya shiga dutsen. Ke kuwa kin zaunar da Sarki da Baturen mishan da kakana Malam Ishaku a zaure ɗaya. Sarki yana son Turawa su ba shi sandar sarauta, su sa dutsen a ƙarƙashinsa. Bature yana son filin coci da mutanen dutse suka hana shi sau uku. Kakana kuma, mai bishara na farko a ƙasar nan, kin sa masa alƙalami a hannu yana rubuta wa Di'o, Baturen mulki, cewa an sace yaro a turo soja, alhali yaron gudu ya yi wurin uwarsa a dutsen.

Badamasi ya ce, "Baba Hedimasta, wannan za a nuna wa baƙinmu?" Baƙin da yake nufi su ne wakilan gwamnati da ke duba ko za a ɗaga darajar sarautarmu. Mutanen dutse kuma suna neman a raba su da mu, a ba su tasu sarautar. Kin ga inda maganar ta dosa.

Ina roƙonki ki cire fitowa ta uku. Sauran ba za a taɓa ko wasali ba. Malam Ishaku kakan mahaifiyarki ne kamar yadda yake kakana. Mutuncinsa namu ne duka.

Kawunki,
Dawuda

Ulaisha, Riyad, 27 ga Mayu, 2024

Kawu,

Barka da war haka. Na ji batun gwiwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ka rage hawa keke, don Allah. A gaida Inna Maryamu. Ni lafiya, sai zafin garin nan da ya fara kankama. Jibi za a tafi da mu Mina aikin alhazai, zan yi kusan wata guda, don haka nake hanzarin ba ka amsa.

Ba daga kaina na ƙirƙiro fitowa ta uku ba. Ina aji uku a makarantar jinya lokacin da Kaka Hanatu ta kwanta ciwon ajali a Zariya. Ni nake juya ta, ni nake mata wanka. Ita ta gaya mini, kuma ba sau ɗaya ba. Ta ce mahaifinta Malam Ishaku ya kira ta ita da yayanta, wato babanka, ya ɗaga hannunsa na dama ya ce, "Da wannan na rubuta." Ta ce an ƙone wa mutanen dutse rumbuna da dawa a ciki, kuma har ya koma ga Allah bai ƙara cin tuwon sabuwar dawa ba. Mutumin da ya tara 'ya'yansa ya faɗi haka ba ɓoyewa yake so a yi ba.

Kuma me ya sa ba wanda ya yi maganar fitowa ta biyu? A ciki limamin zangon fatake yana yi wa Sarki rubutun sha, yana ce masa yaƙin arna lada ne, alhali hanyar fatauci yake so a buɗe. Ni Musulma ce, ban rufa wa limamin asiri ba. Ka ce a nan tafi aka yi.

Ka ce in rubuta tarihin yaƙi. Yanzu na gane takardar shaida ake so, wadda Honarabul zai miƙa wa gwamnati ya ce dutsen nasu ne tun kaka da kakanni. To, in haka ne, Kawu, ku cire fitowa ta uku, ku cire duk abin da kuka ga dama,

Shafi na biyu

amma ku cire sunana tare da ita. Kada a buga shi a takarda, kada a faɗe shi a lasifika. Kuma ina gaya maka tun yanzu don kada ka ce na yi maka ba-zata: ranar da na ji an nuna guntun wasan nan da sunana, zan aika cikakkensa ga ƙungiyar mutanen Dutsen Shirwa. An yi musu ƙarya sau ɗaya da alƙalamin gidanmu. Ba za a yi ta biyu da nawa ba.

Ka yi haƙuri in na yi tsauri. Ina girmama ka kamar uba.

'Yarka,
Zaituna

Tudun Marke, 30 ga Mayu, 2024

'Yata Zaituna,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya. Allah ya kai ku Mina lafiya, ya ba ku ladan aikin.

Na ga takardarki, shafi guda ne ya iso. Ta tsaya babu sallama babu sa hannu, na ce wa Maryamu ai kiran gaggawa aka yi mata a asibiti. Na ji zafin da ke cikin maganarki, kuma ban ga laifinki ba. Amma da na kai layin ƙarshe, inda kika ce mu cire duk abin da muka ga dama, sai na ce jinin Hanatu ke nan, ta yi faɗanta sannan ta bi babba. Allah ya yi miki albarka.

Na kai wa kwamiti labari. An cire fitowa ta uku kaɗai. 'Yan ajin ƙarshe na sakandaren mishan sun fara gwaji. An sa bikin ranar Asabar, ashirin ga Yuli.

Kawunki,
Dawuda

Tudun Marke, 14 ga Yuni, 2024

Zaituna,

Ina gaisuwa. Shiru ya yi yawa, ko da yake na san kina cikin hidimar alhazai. In kuma fushi ne, ki sauko.

An buga takardar tsarin biki, guda dubu. Sunanki yana shafin farko, ƙarƙashin hoton Sarki. Badamasi ya sa an ƙara layi: "Wata 'yar gida Musulma da ke aiki a Saudiyya ta rubuta, shaida ce cewa tarihin nan ba na coci kaɗai ba ne." Ya kuma roƙi a ƙara 'yar gajeruwar fitowa a ƙarshe, inda dattawan dutse suke durƙusawa suna gode wa Sarki Jatau. Malamin adabi ya rubuta ta. Ban so ba, amma tunda kin ce duk abin da muka ga dama, na bari.

Dawuda

Ulaisha, Riyad, 24 ga Yuni, 2024

Kawu,

Ina wuni. Na dawo jiya, lafiya, sai muryata da ta dushe. Wayar da nake magana da gida da ita na bar ta a nan cikin durowa, don a Mina ko lokacin zama babu. Da na kunna ta na ga takardunka biyu. Na koma sama, sai na ga hoton shafi na biyu na wasiƙata yana nan zaune da jar alama a gefensa. Bai taɓa tafiya ba. Na tura shi yanzu. Ka karanta shi kafin ka ci gaba da wannan.

Na kira sau huɗu. Inna Maryamu ta ce ka ce magana irin wannan ba ta waya ba ce. To ga ta a takarda.

Kawu, kai malami ne. Shekara talatin da ɗaya kana jan kunnen yara a kan aya da waƙafi. Ka ga jimla ta tsaya a waƙafi, babu sallama, babu suna, kuma ba ka tambaya ba? Ba ka tambaya ba ne don rabin da ya iso shi ne rabin da kake so.

Na ce a cire, an cire har an ƙara. Dattawan dutse suna durƙuso suna godiya! Godiyar me? Ta rumbunan da aka ƙone? Kuma an ɗauki addinina an yi tambari da shi, don a ce wa gwamnati har Musulmi sun shaida. Sati huɗu ina ɗaga tsofaffin da rana ta kayar, ashe a gida ana yawo da sunana a kan ƙarya guda dubu.

Ga abin da nake so. A janye takardun, ko a shafe sunana ɗaya bayan ɗaya. In ba haka ba, ranar ɗaya ga Yuli cikakken wasan zai isa hannun mutanen Dutsen Shirwa, kuma zan ce musu su yi shi a kasuwarsu, rana ɗaya da naku. Halas, kamar yadda ake cewa a nan. Na gama magana.

Zaituna

Tudun Marke, 28 ga Yuni, 2024

Zaituna,

Muna lafiya. Ba zan tsawaita gaisuwa ba, tunda ke ma ba ki tsawaita ba.

Na karanta shafi na biyu. Gaskiyarki a kan waƙafi. Na gan shi, na kau da kai. Wannan na ɗauka.

Amma ba ki isa ki ba ni wa'adi ba. Kina zaune a ƙasar da ba ta san Tudun Marke ba, kina cewa a yi wasa biyu rana ɗaya, ɗaya a gari ɗaya a dutse. Kin san abin da hakan ke nufi a nan? Matasa ne za su sauko da sanduna, wasu su hau da adduna. Ke za ki gani a waya. Ni zan je jana'iza, kuma yaran da na koyar ne a ɓangarorin biyu.

Na kai wa kwamiti buƙatarki ta cire suna. Kafin yamma magana ta bazu. Yanzu a bakin kasuwa cewa ake Larabawa ne suka sa ki ɓata sunan coci, kuma Dawuda ya sani. A zumuntar mata ba wadda ta zauna kusa da Maryamu ranar Laraba. Shekara arba'in tana share cocin nan.

Kin ɗauka ke kaɗai aka gaya wa? Babana ya gaya mini ina da shekara goma sha tara, muna hanyar gona. Ya ce, "Ka riƙe, kada ka faɗa, cocin nan a kan sunan mutumin nan yake tsaye." Shekara hamsin ina riƙe. Duk bikin tunawa ni nake karanta tarihin Malam Ishaku a kan bagadi, in tsallake wurin. Kakarki ta auri Musulmi ta tafi Zariya, abin ya zame mata labari. Mu da muka zauna, da shi muke tashi kullum.

In kin aika, kin aika. Amma ki sani ba Badamasi za ki sara ba. Shi yana da gida a Abuja.

Dawuda

Ulaisha, Riyad, 3 ga Yuli, 2024

Kawu,

Ina gaisuwa, da ban haƙuri ga Inna Maryamu. Abin da aka yi mata ya yi mini ciwo.

Ɗaya ga wata ta wuce, ban aika ba. Ba zan aika ba.

Akwai wata Haoua 'yar Maradi, tana aikin shara a sashenmu, tare muke zuwa cefane kasuwar Batha in mun tashi dawam, wato aiki. Na karanta mata wasiƙarka ina huci, ina jiran ta ce ka yi laifi. Ta ajiye ledarta ta ce, "Ke kina ƙarƙashin na'urar sanyi kina kunna wuta, tsohon nan ne zai kwana a garin." Na ji haushinta kwana biyu. Gaskiya ta faɗa. A nan ma akwai maganganun da nake haɗiyewa kullum don iƙamata, takardar izinin zamana, tana hannun wasu. Ban fi ka jarunta ba, nesa kawai na fi ka.

Na nemi ijaza, wato hutu, in zo in tsaya a gaban kwamitin da kaina. Mudira, shugabarmu a asibiti, ta ce sai Oktoba.

Amma kada ka ɗauka na sauko. Fitowa ta uku gaskiya ce, ta ƙarshen da aka ƙara ƙarya ce, kuma sunana ba ya kan wannan wasa ko an buga shi sau dubu goma. Duk wanda ya tambaye ni, haka zan ce masa, har in mutu. Abin da na bari shi ne tura wasu su yi faɗan da ba zan tsaya a cikinsa ba.

Sauran yana hannunka. Ba zan ƙara roƙonka komai a kai ba.

'Yarka,
Zaituna

Tudun Marke, 22 ga Yuli, 2024

'Yata Zaituna,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiya, Maryamu tana lafiya, ba wanda aka taɓa a gari ko a dutse. Na fara da wannan don na san kin ji ƙishin-ƙishin.

Ban ba ki amsa ba don ban san me zan ce ba. Sati biyu kafin biki na ɗauki sanda na hau Dutsen Shirwa, gwiwa tana ihu. Rabona da wurin shekara ashirin. Na je wurin Baba Laraba, tsohuwar da ta fi kowa shekaru a can. Yaron da aka ce an sace ƙanen mahaifinta ne. Na ce mata ni jikan Malam Ishaku ne, na zo in faɗi wata magana. Ta ce, "Wasiƙar?" Na ce kin sani? Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Malam, ko jarirai a nan sun sani. Ku ne a ƙasa kuke ɓoye wa junanku." Shekara hamsin ina gadin asirin da duk dutse ya sani.

Ranar Asabar ɗakin taron sakandare ya cika har tagogi. Sarki a gaba, wakilan gwamnati a damarsa, Badamasi da Rabaran a hagu. Mutanen dutse kamar talatin a can baya, a tsaye. Yara suka yi fitowa ta ɗaya da ta biyu, sun yi kyau ƙwarai. Da aka ja labule don a shirya yaƙi, sai na tashi na hau dandamali da takardunki a hannu. Ban sa ko ɗalibi ɗaya a ciki ba, don suna da jarrabawa a gabansu, ni kuwa na gama tawa.

Na ce, "Akwai fitowar da aka cire. Ni na cire ta. Sunan da ke kan takardar hannunku an sa shi ba da yardar mai shi ba." Sai na fara karantawa. Na yi muryar Sarki Jatau, na yi ta Bature, na yi ta kakana. Ina tsakiyar maganar Bature aka kashe lasifika. Sun manta shekara talatin da ɗaya na yi ina tara yara ɗari shida a fili ba lasifika. Na ci gaba. Badamasi ya miƙe ya ce, "A sauko da tsohon nan!" Matasa biyu suka taho. Dukansu na koyar da su. Na dube su ta saman tabarau, suka tsaya a bakin matakala.

Da na kai wurin da kakana yake cewa, "Me zan rubuta, ranka ya daɗe?" Sarki yana cewa, "Rubuta an sace shi," sai na ɗauki kofi. Na sha ruwa, na ƙarasa. Sannan na ajiye takarda na ce wannan ba wasa ba ne, babana ya gaya mini, babansa ya gaya masa.

Ba a yi tafi ba. Badamasi ya fita da mutanensa. Sarki bai motsa ba. Ya zauna har yara suka yi yaƙin, da aka zo fitowar durƙuson kuwa ya ɗaga hannu ya ce ya isa haka. Ban san abin da ke ransa ba, ban kuma san abin da wakilan gwamnati za su rubuta ba. Ɗayansu ya roƙi kwafi, na ce sai na tambayi mai shi. Ki gaya mini.

Jiya Lahadi aka sanar an sauke ni daga kwamiti da kuma dattawan ikilisiya. An jefi kwanon rufinmu sau biyu. Rabaran ya zo gida da kansa, ya zauna ya fi awa, ya ce shi ma ya taɓa jin labarin, amma hannunsa a ɗaure yake. Ya ce in na tashi a sujada ranar Lahadi mai zuwa na ce tsufa ne ya ruɗe ni, za a mayar da ni. Na ce masa a gaban Allah zan tsaya ba da daɗewa ba, ba zan je masa da wannan ba.

Zan je cocin. Kakana ya ɗauko duwatsun harsashinsa a ka, ba wanda zai hana ni shiga. Zan zauna a bencin gaba inda na saba, kuma ba zan tashi in ce komai ba. Na ce wa Maryamu ta yi zamanta a gida har ƙura ta lafa. Ta ce ban isa ba. Ta fito da zanen zumunta ta goge, ta ce tunda matan sun ƙi zama kusa da ita, a ɓangaren maza za ta zauna, kafaɗa da kafaɗa da ni, mai iya tashinta ya zo ya gwada.

Kawunki,
Dawuda